Takarda ta Biyar

Wani akawun buro, wato ofishin gwamnati, shi ne ya raba mu da fadamar ubanmu. Bai ci ta ba, bai sayar ba, ban ma tsammanin ya taɓa sanin inda take. Takarda ya miƙo mani wadda idona ba shi iya karantawa, na roƙe shi ya gyara mani ita, ya ƙi. Iyakar abin da ya yi ke nan. Aikin da na roƙa ba zai kai shi tsawon shan shayi ɗaya ba. Ni kuwa har yau ina cikinsa.

Ƙyanda ta kama ni ina ɗan shekara bakwai. Ta bar mani hakiya a idon hagu, na dama kuma ta rage mashi ƙarfi. Ni ba makaho ba ne a lokacin, kuma ba mai ido ba ne. Abu in babba ne, in baƙi ne ƙirin, ina ganinsa. In ya ƙanƙance ko ya koɗe, sai ya koma mani kamar tururuwa cikin toka, na san akwai abu amma ban iya cewa ga kai ga ƙafa. Da anka ce mai gari ya kawo yara lakwal, makarantar boko, ni anka bayar daga gidanmu, don an ce ko kiwo anka tura ni awaki ɓacewa za su yi. Malamin da ya fara koya mana mutumin kirki ne. Ya zaunar da ni bencin gaba, in zai rubuta a allo sai ya yi baƙaƙen manya kamar tafin hannu. A hannunsa na iya karatu. Da anka canza shi, wanda ya zo rubutunsa siriri ne, kuma ba shi son a ce ba a gani. Shekara biyar na yi, anka maido ni gida.

Wanga rabin karatun shi ne duk abin da na mallaka. A ƙauyenmu, can wajen Bazaga, ni kaɗai ne babban da ke iya haɗa baƙaƙen boko. Wasiƙun ƴan ci-rani daga Abijan da Ikko wurina ake kawowa, in fita rana, in manna takardar kusa da idon dama, in karanta a hankali. Rubutun hannu ne, manya-manya, galibi na mutane irina. Tsofaffi na ce mani Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal da ma'aikata, rabi da wasa rabi da gaske, ni kuma ina amsawa da gaske duka. Har sa hannu na koya wa kaina. Na yi wata da watanni ina zana shi a rairayi da tsinke, sai da na yi mashi wata doguwar wutsiya da ke lanƙwasowa ƙasa, irin ta malaminmu na farko.

Fadamar tana kusa da Ƙonni, tafiyar rabin yini a jaki daga ƙauyenmu. Daga kakanmu ta fito, kuma mu kaɗai ne a garinmu ke da ƙasa a can. Gonakinmu na tudu rairayi ne, in ruwa ya yi gardama ba ka samun ko zangarniya. Ita kuwa fadamar ko a shekarar fari ta ba mu dawa, da rani kuma albasa. Da ubanmu ya rasu, wana ya tafi ci-rani ya bar ta a hannuna, tare da innarmu da matarsa da ƴaƴansa uku.

Lokacin mulkin soja ne, bayan farin nan mai tsanani, anka zo da aikin ruwa. Anka ce za a haɗe fadamun wurin, a baje su, a haƙa magudanai, sannan a yanka fili-fili a mayar wa kowane mai ƙasa da rabonsa. Mutanen da ke zaune kusa, mai shela ke zagayawa yana gaya masu komi. Mu da ke nesa, saƙo mai gari ya samu cewa mai fadamar ya zo buro ya amshi takardarsa. Farkon damina ne, ruwa ya sauka sau biyu. Na sa riga mai kyau, na sa hula, na hau jaki.

A buron nan akwai wani tsari da ban sani ba sai ranar. Layi biyu ake yi. Mai gadin ƙofa na tambayar kowa: "Yatsa ko alƙalami?" In ka ce yatsa, sai a tura ka teburin tafinta, ya karanta maka takardarka da Hausa daga sama har ƙasa, sannan ya kama babban yatsanka ya tsoma a tawada ya dangwala. In ka ce alƙalami, an ɗauka kai mai karatu ne, kai tsaye za ka wurin akawu. Layin yatsa ya kai har gindin iccen bedi a waje. Na alƙalami mutum huɗu ne, duk masu takalma sau-ciki. Da mai gadi ya zo kaina, na ce, "Alƙalami." Da ƙarfi na faɗa, don na baya su ji.

Akawun siriri ne, yana da agogo a hannu da farar riga mai aljihu. In zai buga takarda sai ya lashi yatsa ya ƙirgo guda biyar, ya sa baƙar takardar kwafi tsakanin kowace biyu, ya buga gindinsu a tebur sau uku don su daidaita, sannan ya cusa cikin mashin. Ta saman fara ce mai kauri, ta Kumandan, shugaban buron. Ta biyu ta masu aikin ruwa. Ta uku ta sarki. Ta huɗu ta aljihun tebur. Ta biyar, wadda ke can ƙasa, shara-shara kamar ɓawon albasa, ita ce ta mai gona. Kafin bugun mashin ya ratsa takardu huɗu ya iso gare ta, ƙarfinsa ya ƙare. Ga baƙaƙen mashin ɗin ƙanana, a matse da juna.

Ya zaro su, ya danne ta saman da tafin hannu, ya nuna mani ƙasanta da bakin alƙalami. Na sa hannu. Na ja wutsiyar nan a hankali har ta lanƙwaso. Sannan ya zare ta biyar ya miƙo mani ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Na gaba."

Na kai ta ido. Layi uku na sama manyan baƙaƙe ne, na gane sunan ƙasa da sunan buro. A tsakiya na gane sunan ubanmu, shi ma da manya. Sauran duk toka.

Na ce, "Mushe, don Allah, wagga ba ni ganin ta. Idona ba shi da ƙarfi. Ka ba ni ta saman."

Ya ɗago kai. "Ta sama ta Kumandan ce. Kai ne Kumandan?"

"To ka sake buga mani guda, da manyan baƙaƙe irin na saman nan. Su ina ganin su."

"Manyan baƙaƙe na sunan ƙasa ne, da sunan buro, da sunan mutum. Haka tsarin yake. Takardar gwamnati ce, malam, ba allon shago ba."

"To ka karanta mani. Layi nawa ne duka?"

Sai ya ɗaga ta saman yana nuna wa na bayana. "Jama'a, ku dubi sa hannu. Har da wutsiya. Ko ni nawa bai kai wanga ba. Mai irin wanga sa hannun ne ke son a karanta mashi takarda?" Masu takalman nan sunka yi dariya, ba da ƙarfi ba, irin ta hanci. Ya aje takardar ya ce, "In karatu kake so a yi maka, da ka bi layin yatsa. Na gaba."

Teburin tafinta bai fi taku goma ba daga inda nike tsaye. Ina jin muryarsa yana karanta wa wani tsoho. Da na taka na je na ce, baba, taimaka ka duba mani wagga, da ya duba. Ban je ba. Layin yatsa duka sun ji lokacin da na ce alƙalami, kuma sun ji dariyar. Wanga laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba. Na fita.

A waje na gwada ta a rana, na gwada a inuwa, na ɗora ta bisa gwiwata don farar rigata ta fito da baƙaƙen. Ba abin da ya fito. Na tambayi mai gadi yaushe za a yi rabon filayen. Ya ce, "Wa zai yi rabo da damina? Ai sai an kai amfani gida." Ba shi da mugun nufi, abin da hankalinsa ya ba shi ya faɗa. Na ninke takardar gida huɗu na sa cikin hula, inda kowa ke sa abin da ba shi son ya ɓace, na hau jaki. Ranar akwai zafin nan na hadari da bai sauka ba. Zufa ta yi ta zuba har na isa gida.

Innarmu na zaune bakin ɗaki tana gyaran wake. Ta ce, "Mi takardar ta ce?"

Na ce, "Ta ce bayan kaka."

"Ka karanta da kanka?"

"Na karanta."

Ta ce, "To, Alhamdu lillahi. Lakwal ɗin nan ta yi rana."

Na yi niyyar kai wa malamin lakwal na garin da ke kusa da mu ya duba mani, ba tare da kowa ya sani ba. Na je na tarar ya tafi hutun damina garinsu. Na ce in ya dawo. Noma ya taso, ni kaɗai namiji babba a gida, ga noman farko ga maimai. Takardar ta kwana bakwai a hulata kafin in tuna in sa ta cikin gwangwanin da muke aje takardun lanho, wato haraji. Da na buɗe ta a lokacin, na ga baƙin ya bi zufa ya shafe duk inda ninkin ya bi. Ban damu sosai ba. Na riga na gaya wa kaina abin da ke ciki, har na yarda.

Da gero ya fara nuna na yafa irin albasa a bayan gida, kusa da rijiya, ina ba shi ruwa safe da marece. Ya fito kore shar. Da munka gama ɗaurin dammuna na tuge shi, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu, na ɗora wa jaki, na kama hanyar Ƙonni da niyyar in amshi filina in dasa a ranar.

Ban gane wurin ba. Tsamiyar da ke kan iyakarmu babu ita. Ƙasa ta zama shimfiɗa ɗaya, magudanan siminti sun ratsa ta, kowane fili da turkensa da lamba. Kuma ko'ina mutane ne a duƙe, wasu har albasarsu ta kama. Na tsaya wajen da nike zaton nan ne tsakiyar fadamarmu. Wani mutum na buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Na yi mashi sallama na ce yaushe anka yi rabo. Ya ce, "Rabo? Ai tun gero bai yi kai ba. Ina kake?" Na gaya mashi sunan ubanmu. Sai ya ce, "An kira sunan nan. Sau uku anka kira, ba wanda ya amsa." Ya ba ni ruwa a gora na sha. Ba shi ya cuce ni ba, shi ma layi ya bi anka ba shi.

A buro mataimakin Kumandan ya saurare ni har na gama, ban ce bai saurare ni ba. Ya sa anka ɗauko fayil, ya zaro ta saman ya aje gabana. Fara tas, baƙin ya zauna daram. Na ɗauka na kai ido, kuma na karanta ta. Da wahala, ina bi da yatsa, amma na karanta, ni da idon nan nawa. Layi biyu na ƙarshe sun faɗi ranar rabo, sun ce mai ƙasa ya zo da kansa da katin iyali, wanda bai zo ba an ɗauka ya yafe rabonsa. A ƙarƙashinsu ga sa hannuna da wutsiyarsa.

Na fito da tawa daga hula na shimfiɗa kusa da ita. Na ce, "Ranka ya daɗe, dubi wadda anka ba ni."

Ya duba, ya ce, "Ka bar ta ta lalace."

"Tun tana sabuwa ba ni ganin ta. Na faɗa a nan ɗakin."

Ya ɗora yatsa bisa sa hannun. "Wanga naka ne?"

"Nawa ne."

"Da yatsa ka sa, da sai mu kira tafinta mu tambaye shi ko ya gaya maka. Amma kai ka sa hannu. Wanda ya sa hannu ya karanta. Filayen kuma sun ƙare."

Akawun na can kusurwa yana buga mashin ɗinsa. Bai tsaya ba, bai ɗago ba. Na fito na tarar jakin ya ja buhun ya cinye rabin irin albasar. Sauran na zubar a bakin hanya.

Da na gaya wa innarmu, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Ba ka ce ka karanta ba?" Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya, shekara huɗu bayan haka. Wana ya dawo ya ji, ya kwashe iyalinsa ya koma da su can inda yake, bai sake yin damina a gida ba. Wasiƙunsa ma wani yake aika wa, ba ni ba. A gari ba wanda ya zage ni. Sun daina ce mani Mushe kawai, in wasiƙa ta zo sai a jira ranar kasuwa a kai wa wani. Gonar tudu ba ta riƙe gida, don haka duk rani sai in tafi Malbaza in yi dakon siminti, daga ƙasa zuwa bayan mota, daga safe har la'asar. A can ba mai tambayar ko ka iya karatu. Idon daman ya yi ta raguwa shekara bisa shekara, likita ya ce tsohon ciwon ne ke ci, ba abin da za a yi. Tun daga ranar nan kuwa duk inda anka ce yatsa ko alƙalami, yatsa nike miƙawa.

An yi shekara goma sha biyu. Soja sun sauka, an shiga zamanin zaɓe, an sake fentin buron. Ɗiyata ta kai ajin jarrabawa, anka ce sai da takardar haihuwa, ita kuwa a gida anka haife ta, ba a rubuta ba. Anka ce in je Ƙonni in sa a buga mani takardar roƙo wurin masu mashin da ke zama gindin bedi a ƙofar buro. Na je ranar Laraba. Lokacin fuskar mutum ba ni rarrabe ta sai ya matso sosai. Na zauna a benci gaban wani tsoho mai tabarau masu kauri, na gaya mashi abin da nike so. Na ji ya lashi yatsa, ya ƙirgo takarda, ya buga gindinsu a tebur sau uku.

Na bar shi ya gama. Ya zaro ya miƙo mani, ya ce, "Na gaba," ko da yake ba kowa a bayana.

Na kai ta ido don al'ada kawai, ban sa ran ganin komi ba. Sai na ga ina karantawa. Daga layin farko har na ƙarshe manyan baƙaƙe ne, baƙi ƙirin, da tazara tsakaninsu.

Na ce, "Mushe, duk da manya ka buga."

Ya yi ƴar dariya. "Ido, ɗan'uwa. Tun da na bar aiki ido ya tafi. Ƙananan nan ba ni ganin su, in na yi kuskure ba ni sani. Sai na danne maɓallin manya in bar shi a danne."

"Kuma suna amsa a ciki?"

"Mi zai hana? Ba wanda ya taɓa maido mani da ko ɗaya."

"Maɓalli guda ne?"

"Guda ne. Ga shi nan." Ya kama yatsana ya ɗora a kai. Ɗan ƙarfe ne, bai kai ƙwayar gujiya ba. Na danna, ya yi ƙas.

Na ce, "Ka gane ni?"

Ya matso da tabaransa har ina jin warin goro a bakinsa. Ya ce, "Wallahi ka yi haƙuri. Mutane da yawa sun wuce ta gabana."

Na mayar da takardar bisa kwafinta, na cire hulata na aje bisa teburinsa. Ba komi a ciki, takardar ta daɗe da zama gari. Na ce, "Ni ne mai sa hannu da wutsiya. Shekarar rabon filayen ruwa na tsaya gabanka na ce ba ni gani. Na roƙe ka ta saman, ka ce ni ba Kumandan ba ne. Na roƙe ka manyan baƙaƙe, ka ce takardar gwamnati ba allon shago ba ce. Na roƙe ka ka karanta mani ita, ka ɗaga sa hannuna ka ba mutane dariya. Fadamar ubana ta tafi a layi biyu na ƙarshen takardar nan. Uwata ta mutu tana ganina maƙaryaci, kuma gaskiyarta. Girman kaina ni na san shi, shi nike ɗauka kullum tare da simintin mutane, ban zo in ɗora maka shi ba. Naka na zo in gaya maka. Wanga maɓallin yana nan ranar, ƙarƙashin yatsanka. Ba doka ta hana ka danna shi ba, tun da ga shi yau ka danna don idonka, kuma ba wanda ya kama ka. Kada ka ce in yafe maka, ba ka ma tuna ni ba, mi za ka roƙa? Ba ni takardar ɗiyata. Ta saman za ka ba ni."